Risala a Kan Hukuncin Taɓawa a Ƙwallon Ostireliya ta Mutum Tara-Tara

Sababin wallafa wannan 'yar risala wata tambaya ce da ta zo mini daga ɗan ƙanwata, wanda aka tura karatu birnin Melbon na ƙasar Ostireliya. Ya aiko ta ne ta WhatsApp, cikin saƙon murya mai tsawon minti 11, ya haɗo da hoton takardar dokokin wata ƙaramar gasa da yake bugawa da abokan karatunsa duk ranar Talata da yamma. Idan aka cire gaisuwa da ƙorafin tsadar haya, ga abin da ya rage:

"Kawu, ranar wasan ƙarshe ne, muna kunnen doki, saura kaɗan a tashi. Na karɓi ƙwallo ke nan na juya, sai wani ɗan baya ya zo ta bayana ya shafi gefen rigata da kan yatsu, ya ɗaga murya ya ce ya taɓa ni. Alƙali bai gani ba, ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa. Ni kuwa na ji. Na yi kamar ban ji ba, na ƙara taku 5, na buga. Ƙwallo ta daki turke, aka ba mu maki 1, aka busa tashi, muka ɗauki kofi. Kofin na roba ne. Yau kwana 3 ke nan abin yana cina a rai. Mene ne matsayin makin nan, Kawu, kuma ni mene ne matsayina?"

Na yi niyyar amsa masa da kalma biyu, sai na ga mas'alar ta fi ƙarfin kalma biyu. Malamai sun ce hukunci a kan abu reshe ne na sanin surarsa, kuma galibin masu karatu ba su taɓa ganin wasan da ake ba mutum maki don ya daki turke ba. Saboda haka babu makawa sai an faro daga tushe.

Fasali na farko: ta'arifin wasan, da yadda aka yi ta rage mutanensa

Ƙwallon ƙafa, a lugga, ita ce wadda ake bugawa da ƙafa. A isɗilahin mutanen Melbon kuwa, ita ce wadda ake bugawa da ƙafa, a cafe ta da hannu, a rungume ta a ruga da gudu, a naushe ta zuwa ga aboki, bisa sharaɗi guda: kada a jefa ta. Ita kanta ƙwallon ba mulmulalliya ba ce. Ta fi kama da gwanda da aka ɗinke cikin fata, ja idan wasan rana ne, rawaya idan na dare ne, kuma idan ta faɗi ƙasa ba ta shawara da kowa game da inda za ta nufa. Babu satar gida a wasan. Babu kuma mai tsaron raga, saboda dalili mai ƙarfi, wato babu ragar.

Asalin wasan a rubuce yake. A watan Yulin 1858 wani ɗan wasan kurket mai suna Tom Wills ya aika wa wata jarida wasiƙa yana neman a kafa ƙungiyar ƙwallo, don kada 'yan kurket su ajiye teɓa a lokacin hunturu. A watan Agustan shekarar makarantu biyu na Melbon suka kara, kowane ɓangare mutum 40. Aka shafe ranaku 3 ana fafatawa, aka tashi 1 da 1. A watan Mayun 1859 aka zauna a wani otal aka rubuta dokoki 10. Daga nan adadin 'yan wasa ya sauko zuwa 20, ya sake saukowa zuwa 18 a 1899, sannan a 2011 hukumar wasan, wato AFL, ta fito da nau'in da ta sa wa suna AFL 9s, na mutum 9 kowane ɓangare. Mai lura zai ga cewa tarihin wasan nan, a dunƙule, tarihi ne na sallamar mutane, kuma ba mu da dalilin zaton an gama.

Takardar da aka aiko mini ta wannan nau'i na ƙarshe ce. Fili mita 100 ne a tsaye, 50 a kwance. Wasa rabi biyu ne, kowanne minti 20. Mutum 3 a baya, 3 a tsakiya, 3 a gaba, kuma 'yan gaba kaɗai ke da izinin bugawa turke, alamarsu awarwaron roba a wuyan hannu. Wanda ya cafe bugun ƙafa kafin ƙwallo ta taɓa ƙasa an ba shi aminci, ya tsaya ya buga a natse. A babban wasa sai ƙwallon ta yi tafiyar mita 15 kafin a ba da wannan aminci, a ƙaramin kuwa ko taku guda ta yi ya wadatar. Ƙwallon da ta faɗi ƙasa ta bar hannun waɗanda suka yar da ita. A gasar da ake haɗa maza da mata, ƙwallon da mace ta zura tana da maki 9 maimakon 6. Gasar ɗan ƙanwata ba ta cikin waɗannan, kamar yadda ya jaddada wa mahaifiyarsa har sau biyu.

In ka ce: me ya raba naushi da jifa, har aka halatta ɗaya aka hana ɗaya, alhali a duka biyun hannu ne ya raba ƙwallo da mai ita? Na ce: a jifa, hannun da ya riƙe shi ne ya saki, wato shi ne mai ƙara kuma shi ne alƙali. A naushi kuwa hannu ɗaya ya tallafe, ɗayan ya dunƙule ya kora. An raba iko gida biyu, kowane hannu shaida ne a kan ɗan'uwansa. Wannan ya fi kusa da adalci.

Fasali na biyu: turaku huɗu, da hukuncin saura-ƙiris

A kowane ƙarshen fili akwai turaku 4 a jere, tsakanin kowanne da maƙwabcinsa mita 6.4. Biyun tsakiya dogaye ne, biyun gefe gajeru, kuma babu sandar da ta gitta a sama, don haka mai bugu yana da sarari har inda ƙarfinsa ya ƙare. Ƙwallon da ta bar ƙafar ɗan wasa ta ratsa tsakanin dogayen biyu ba tare da kowa ya shafe ta ba, maki 6 ce. Wadda ta bi tsakanin dogo da gajere, ko ta daki dogon, ko wani ya taɓa ta a hanya, maki 1 ce. Mutanen ƙasar suna kiran wannan maki da wata kalma mai ma'anar "baya", mu kuwa mun zaɓi mu kira shi saura-ƙiris, domin ya fi bayyana haƙiƙarsa. A sauran sassan duniya "saura ƙiris" kalmar jaje ce da ake faɗa wa wanda ya rasa. A Ostireliya ana rubuta ta a allo, kuma tun 1897 ake lissafa ta cikin sakamako.

In ka ce: wannan ba saka wa mai kuskure da alheri ba ne? Na ce: kuskure daraja-daraja ne. Wanda ya nufi Kano ya sauka a Wudil ba a haɗa shi da wanda ya nufi Kano ya tsinci kansa a Legas. Masu dokar ma ba su sake ƙofar gaba ɗaya ba, domin ƙwallon da ta daki gajeren turke ba ta da komai, waje ta fita. Kuskuren da ake biya yana da iyaka, faɗinsa mita 6.4 dama da hagu.

Kada kuma a raina makin. A wasan ƙarshe na gasar AFL ta 2010, a gaban kimanin mutum 100,000 a babban filin Melbon, ƙungiyar St Kilda ta zura 10 ta yi saura-ƙiris 8, Collingwood ta zura 9 ta yi saura-ƙiris 14. Da aka haɗa lissafi, kowa yana da 68. Wadda ta fi iya saiti da wadda ta fi yawan kuskure suka yi canjaras, aka ce kowa ya koma gida ya dawo Asabar mai zuwa. Da aka dawo, Collingwood ce ta ɗauki kofi. Wannan ya isa hujja cewa makin da ɗan ƙanwata yake tambaya a kansa maki ne na gaske, mai iya ɗaukar hukunci.

Fasali na uku: haƙiƙar taɓawa, rukunanta, kashe-kashenta da saɓanin da ke cikinta

A babban wasa ya halatta a rungumi mai riƙe da ƙwallo a kai shi ƙasa, matuƙar rungumar ba ta haura kafaɗa ba, ba ta sauka ƙasa da gwiwa ba, kuma ba ture shi aka yi ta baya ba. A ƙaramin wasa an soke wannan baki ɗaya, saboda masu buga shi ɗalibai ne da ma'aikatan ofis, waɗanda ake jiransu gobe da safe da haƙarƙarinsu cif. Sai aka tsayar da taɓawa a madadin kayarwa, kamar yadda wakili ke tsayawa a madadin ango. Wanda aka taɓa, a hukumance, an kayar da shi, ko da yana tsaye yana murmushi.

Rukunan taɓawa 4 ne: mai taɓawa, abin taɓawa, wato tafin hannu ko yatsu, ban da gwiwar hannu da kafaɗa, wanda ake taɓawa, da ƙwallo a hannunsa. Idan rukuni na huɗu ya faɗi, abin da aka yi ba taɓawa ba ce a isɗilahi. Ko dai gaisuwa ce ko ƙeta, gwargwadon nauyin hannu.

Abin da ke biyo baya ya danganta da halin wanda aka taɓa. Idan ya riga ya samu sararin rabuwa da ƙwallo amma ya yi rowa, to ya rasa ta, sai a miƙa wa abokan karawa. Idan kuwa shigowarta hannunsa ke nan, sai alƙali ya ɗaga murya ya shelanta taɓawa, a ba shi taku 2 ko daƙiƙa 2 ya buga ko ya naushe ta. Takardar ba ta fayyace tsawon taku ba, kuma wannan giɓi ne da dogayen mutane suka daɗe suna cin gajiyarsa.

Ita taɓawar, a bisa abin da bincike ya kai mu, kashi 5 ce.

Ta farko, bayyananniya: an yi, an ji, alƙali ya gani. Babu saɓani a kanta, kuma ita ce mafi ƙarancin aukuwa.

Ta biyu, ɓoyayyiya: an yi, an ji, ba a gani ba. Ita ce mas'alarmu.

Ta uku, ta da'awa: ba a yi ba, ba a ji ba, ba a gani ba, amma an faɗa da ƙarfi. Ana gane ta da nisan mai faɗa, domin an sha jin ta daga bakin mutumin da aka bari a baya da mita 2.

Ta huɗu, ta niyya: mai yi ya miƙa hannu da zuciya ɗaya, ya kuma gaskata cewa hannun ya isa, alhali iskar gudun wancan ce ta kaɗa masa yatsu. Wannan ba maƙaryaci ba ne, mai kuskure ne. Sai dai ba a ba shi saura-ƙiris, domin rangwamen turaku na 'yan gaba ne kaɗai.

Ta biyar, mai wuce gona da iri: wadda ake jin ƙararta daga wajen fili. Wannan mari ne da ya ari sunan taɓawa, kuma hukuncinsa bugun tazara.

Mas'ala: shin riga tana cikin jiki? Tambayar ta zama dole, tun da mai tambaya ya ce gefen rigarsa aka shafa. An rabu a kan haka zuwa mazhaba biyu. Mazhabar 'yan baya ta ce riga jiki ce, bal ma igiyar wando, bal ma inuwa idan rana ta yi ƙasa. Mazhabar 'yan gaba ta ce jiki shi ne abin da ke jin zafi idan an mintsine shi. Riga kuwa dukiya ce, kuma ba a kama mutum don an taɓa dukiyarsa. Abin lura game da mazhabobin nan shi ne, da yake akan sauya wa 'yan wasa gurbi a hutun rabin lokaci, an sha ganin mutum guda ya yi minti 20 a kan ra'ayi na farko, ya sha lemo, ya yi minti 20 a kan na biyu, kuma a kowanne da cikakken yaƙini.

Ra'ayi mai rinjaye shi ne riga tana bin hukuncin mai ita matuƙar tana jikinsa. Hujja ta farko daga babban wasa take: wanda ya damƙi rigar mutumin da ba shi da ƙwallo, laifin riƙe mutum ake hukunta shi da shi, ba a taɓa jin alƙali ya ce ya riƙe tufafi ba. Hujja ta biyu ta hankali ce: da riga ba jiki ba ce, da kowane ɗan gaba ya shigo fili cikin malum-malum, ya ratsa 'yan baya suna ta shafar yadi, babu mai isa gare shi har ya kai turke. Kuma duk ra'ayin da ya kai ga rushe wasa, shi ne rusasshe. Mutanen ƙasar kansu a kan haka suke aiki, domin rigar wasansu matsattsiya ce, galibi marar hannu; mai hankali yana rage faɗin abin da za a kama shi da shi. Inuwa kuwa ba ta shiga, kuma wannan ijma'i ne idan aka cire 'yan baya.

Mas'ala ta biyu, wadda ita ce ƙashin bayan risalar: da me ake tabbatar da taɓawa? Kayarwa tana barin alama, ciyawa a riga, ƙasa a gwiwa, wani lokaci haƙori a fili. Taɓawa ba ta barin komai. A babbar gasa alƙalai 10 ne, 4 a tsakiya, 4 a bakin layi, 2 a gindin turaku, ga kuma na'urar bidiyo da ake komawa gare ta idan an yi shakka a kan maki. A gasar ɗan ƙanwata alƙali 1 ne, da ido 2, da takalmi mai igiya.

Na yi nazarin hanyoyi 3 na toshe wannan kafa, kuma babu wadda ta tsira. Ta farko, a shafa wa 'yan baya alli a hannu. Illarta ita ce bayan minti 5 kowa ya yi fari fat, ba a rarrabe tsohuwar taɓawa da sabuwa. Ta biyu, a rataya wa kowace riga 'yar ƙararrawa. Illarta ita ce ƙararrawa ba ta san bambancin yatsa da gudu ba. Ta uku, a sa wa kowane mutum biyu alƙalinsu. Wannan zai kai yawan mutanen fili 27, wato a warware aikin sallamar da aka faro tun 1858.

Ba abin da ya rage sai iƙirari. Mutum biyu ne kacal a duniya suka san gaskiyar taɓawa ɓoyayyiya. Na farko maslaharsa ita ce a ce an yi, don haka shaidarsa abar tuhuma ce. Na biyu maslaharsa ita ce a ce ba a yi ba, don haka idan shi ya ce an yi, maganarsa ta fi ta alƙalai 10 nauyi, tun da babu mai yi wa kansa shaidar zur don ya yi asara. Jiki magayi ne, mai ɗaki kuma shi ya san inda yake masa yoyo. Ashe wasan mutum tara-tara an gina shi ne kacokan a kan wannan mutum na biyu, ko da yake takardar dokoki ba ta ambace shi da suna ba. Wannan ba sabon abu ba ne: a farkon shekarun wasan, idan ba a naɗa alƙali ba, shugabannin ɓangarorin biyu ne ke yanke hukunci a tsakaninsu, kowanne da laka a jikinsa.

In ka ce: ai abin da kowane koci ke koya wa yara shi ne kada ka tsaya sai ka ji usur. Na ce: ƙa'ida ce ingantacciya a muhallinta, kuma muhallinta shi ne shakka. An kafa ta ne don wanda bai san ko an yi laifi ba, ban da wanda ya sani yake fatan kada a sani. Mai tambayarmu bai ce "kamar na ji" ba. Cewa ya yi "na ji".

In ka ce: idan na zama mai amsa taɓawa, 'yan baya za su gane, su riƙa yi mini da'awa daga nesa. Na ce: iƙirari a kan abin da fata ta ji ne, ba abin da kunne ya ji ba. Kuma wanda aka san yana cewa "e" idan an taɓa shi, shi kaɗai ne ake sauraron "a'a" ɗinsa ranar da ba a taɓa shi ba.

In ka ce: duk wannan a kan kofin roba? Na ce: darajar abin da ake jayayya a kansa ba ta sauya hukunci, kuma alƙali yana zama a kan akuya kamar yadda yake zama a kan gona. Sannan sananne ne cewa roba ba ta saurin ruɓewa, don haka kofin nan zai iya riskar jikokin mai tambaya, su nemi a ba su labarinsa.

Fasali na huɗu: ladubban fili, a taƙaice

Musu da alƙali iri biyu ne, na harshe da na gaɓɓai. Na harshe kowa ya san shi. Na gaɓɓai shi ne ya buƙaci bayani, domin a kakar 2022 hukumar AFL ta tsananta a kansa, har aka riƙa cin ɗan wasa tarar mita 50 don kawai ya ware hannuwa yana kallon alƙali, bai ce uffan ba. Wasu sun ga tsananin ya yi yawa. Mu a wurinmu hukuncin yana kan hanya, saboda ware hannu jimla ce cikakkiya, da mubtada'inta da habarinta, kuma ma'anarta ba ta ɓuya ga kowa. A ƙaramin fili tarar mita 15 ce, domin da an bar ta 50, ware hannu sau biyu ya isa ya kai mutum bayan turke. Ana ƙiyasta riƙe ƙugu da kallon sama a kan ware hannu. Amma tsaki, wanda ɗan ƙanwata ya gada ta wajen uwa, ya sani cewa rashin sanin alƙalin Ostireliya ga ma'anarsa ba ya mayar da shi yabo.

Sojan haya shi ne mutumin da ba a taɓa gani ba sai ranar wasan ƙarshe, a gabatar da shi a ce "ɗan ajinmu ne", alhali cinyarsa ta fi ƙugun kyaftin kauri. Gasanni da yawa sun toshe wannan da sharaɗin sai mutum ya buga wasu wasanni a baya, kuma ba mu da abin ƙarawa.

Al'ada ce a ƙananan filayen ƙasar a kawo lemon zaƙi yankakke a hutun rabin lokaci. Kowane lemo ana raba shi 4. Ladabin shansa shi ne kada mutum ya ɗauki yanka na biyu kafin kowa ya ɗauki na farko, kuma ɓawo ba ya komawa cikin kwanon da ya fito.

Fasali na biyar: fifikon adali a kan gwani, sannan amsar tambaya

A babbar gasar AFL babu jan kati. Mai laifi yana ƙarasa wasansa, sai a cikin mako a duba lamarinsa, a dakatar da shi idan ya cancanta. Amma akwai wani hukunci da ya fi kati zafi. Tun 1924 ake ba da lambar Brownlow, mafi daraja da ɗan wasa guda ke samu, kuma alƙalan tsakiya ne ke kaɗa ƙuri'a bayan kowane wasa, 3 da 2 da 1. Siffar mai karɓarta ita ce mafi adalci kuma mafi gwaninta, adalci a gaba, kuma wanda aka dakatar a kakar ba ya karɓa ko da ya fi kowa ƙuri'a. A 1997 Chris Grant ya samu 27, Robert Harvey ya samu 26, amma an taɓa dakatar da Grant wasa guda, sai Harvey ya tafi da lambar. Ƙananan ƙungiyoyi ma suna zaɓen nasu adali gwani a ƙarshen kaka.

To, ya kai ɗana, ga amsarka.

Taɓawar da aka yi maka taɓawa ce ingantacciya, daga kashi na biyu, domin rukunanta 4 sun cika kuma riga jiki ce. Da yake karɓar ƙwallonka ke nan, haƙƙinka taku 2 ne. Ka yi 5, wato ka ci taku 3 da ba naka ba.

Makin yana nan a zahiri, saboda ƙidayar taku tana farawa ne daga shelar alƙali, alƙali bai shelanta ba, an busa tashi, an sa hannu a takarda. Kofin ya zauna a hannun ƙungiya, domin mutum 8 ba su ji abin da ka ji ba, kuma ba a kama su da laifin fatarka. Ka lura dai cewa ka nufi maki 6 ka samu 1, turke ya zabge maka 5, daidai da adadin takunka. Ba mu ce wannan hujja ce ba, amma mun rubuta shi.

Idan ƙungiyarku ta zo zaɓen adali gwani a bana, ka janye sunanka da kanka. Idan an tambaye ka dalili, ka faɗa.

Sai tara. Kalmar da ke nufin adadin 'yan wasanku da wadda ke nufin abin da ake cin mai laifi sun bambanta a furuci, amma alƙalami ba ya rarrabe su, mu ma ba za mu rarraba ba. Tararka lemo 9, ranar buɗe gasa mai zuwa, a wasanku da waccan ƙungiyar. Da kuɗin aljihunka za ka saya, ba da wanda mahaifiyarka ke aikowa ba, kuma kai za ka yanka. Lemo 9 a raba 4 ya ba da yanka 36; mutum 18 ne a fili, kowa 2. 'Yan benci su zo da nasu. Yanka na farko na ɗan bayan nan ne, ka miƙa masa hannu da hannu, ka ce masa ya taɓa ka. Alƙali ba shi da rabo a lemon. Ku haɗa kuɗi ku saya masa takalmi marar igiya.